Dokokin da Ke Kare Kai da Wuyan Ɗan Ƙwallo: Inda Suke da Ƙarfi da Inda Suka Gaza

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah da ke horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a ƙungiyar unguwarsu. Ya ce a wani wasan sada zumunta yaronsa ɗan baya ya yi tsalle tare da abokin karawarsa, kawunansu suka gwaru, yaron ya faɗi, aka yayyafa masa ruwa ya miƙe ya ƙarasa wasan, amma da dare ciwon kai da amai suka taso masa har ya kwana a asibiti. Yana son ya san ko akwai dokokin da aka tanada don kare kai da wuyan ɗan wasa, ko kuwa an bar abin ne ga hankalin alƙalin wasa.

Malam, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Dokokin suna nan, kuma sun fi yadda yawancin masu kallo suke zato yawa, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Waɗanda ke hukunta mai jawo rauni sun yi ƙwari kuma sun yi aiki. Waɗanda ke faɗin abin da za a yi bayan kai ya riga ya bugu, wato daidai wurin da yaronka ya faɗa, har yau da sauran gyara a kansu.

Ya kamata ka fara sanin mai yin dokar, domin hakan zai nuna maka dalilin jinkirin. Dokokin ƙwallon ƙafa 17 suna hannun majalisar IFAB ne, wadda aka kafa a 1886. Hukumomin ƙwallon Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa suna da ƙuri'a ɗaya-ɗaya, FIFA tana da 4, kuma ba a sauya ko da kalma guda sai an sami ƙuri'a 6 cikin 8. Majalisa ce mai tsananin taka-tsantsan, shi ya sa kusan kowane gyara da zan ambata sai da wani ya ji mummunan rauni a idon duniya kafin a yi shi.

Doka ta 12 ita ce ginshiƙi. Ta kasa ƙeta gida uku: wadda aka yi da rashin kula, hukuncinta bugun tazara ko fenareti, wadda aka yi da ganganci ba tare da damuwa da abin da zai sami abokin karawa ba, a ƙara da katin gargaɗi, sai wadda aka yi da ƙarfin da ya wuce kima har ta jefa lafiyar mutum cikin haɗari, wannan jan kati ne. Dokar ta kuma hana wasa mai haɗari ko da ba a taɓa kowa ba, kamar ɗaga ƙafa daidai fuskar wanda ke shirin sa kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan hani ya haɗa da wanda ya jefa kansa cikin haɗari, kamar ɗan wasan da ya sunkuyar da kai ƙasa-ƙasa zuwa ƙwallon da wani ke shirin harbawa, har ya hana shi bugawa don tsoron ji masa ciwo.

Batun gwiwar hannu ne ya fi nuna cewa doka tana iya rage rauni idan an tsaya a kanta. A gasar cin kofin duniya ta 1994, Leonardo na Brazil ya kai wa Tab Ramos na Amurka gwiwar hannu har ƙoƙon kansa ya tsage, aka dakatar da shi wasa 4. Duk da haka aka ci gaba da ɗaukar buɗe hannu yayin tsalle a matsayin dabarar kare kai. Sai da masu binciken lafiya na FIFA suka zauna suka yi nazarin hotunan bidiyon wasanni, suka ga cewa bayan karon kai da kai, hannu da gwiwar hannu ne suka fi jawo raunin kai, sannan aka ba alƙalai umarni a 2006 cewa duk wanda ya kai wa kan mutum gwiwar hannu da gangan a kore shi. A gasar duniya ta shekarar aka kori Daniele De Rossi na Italiya saboda fasa fuskar Brian McBride na Amurka. Daga baya wani nazari da aka yi a kan babbar gasar Jamus, wanda ya kwatanta kakannin wasa kafin gyaran da bayansa, ya nuna raunukan kai sun ragu da kashi 29 cikin 100. Ba a ƙara wa 'yan wasa wani kayan kariya ba, hukuncin kawai aka tsananta.

Mai tsaron gida shi ne ya fi kowa kai kansa inda ƙafafu suke, kuma tarihinsa ne ya fi muni. A ranar 5 ga Satumba 1931, John Thomson na Celtic, yana da shekara 22, ya faɗa gaban ɗan gaban Rangers, kansa ya daki gwiwar mutumin, ya rasu a daren. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1956, Bert Trautmann na Manchester City ya yi karo ana saura kimanin minti 17 a tashi, ya ƙarasa wasan yana dafe da wuya, sai bayan 'yan kwanaki hoton asibiti ya nuna wuyan ya karye. A wancan zamani babu canji ko ɗaya, kuma an yarda a bangaji mai tsaron gida da kafaɗa ko da ƙwallo na hannunsa. Yau doka ta ce matuƙar ƙwallo tana ƙarƙashin ikon hannunsa ba a kai masa hari. Wannan bai kawar da haɗarin ƙwallon da ba ta hannun kowa ba, kamar yadda aka gani a Oktoba 2006 lokacin da gwiwar Stephen Hunt na Reading ta fasa ƙoƙon kan Petr Čech na Chelsea, wanda daga nan bai sake tsaron raga ba hular kariya ba.

Wannan hula tana buƙatar bayani, domin iyaye kan tambaye ni ko su saya wa 'ya'yansu. Doka ta 4 ta yarda da hular kariya da abin rufe fuska, muddin ba za su cutar da kowa ba. Suna da amfani wajen kare fata daga yankewa da kuma kare ƙashin da ya taɓa karyewa, kamar abin fuskar da Victor Osimhen ya fara sawa bayan karon da ya yi da Milan Škriniar a wasan Napoli da Inter a Nuwamba 2021, inda ƙashin kuncinsa da na kwarmin idonsa suka karye har ya rasa gasar kofin Afirka ta Kamaru. Amma hula ba ta hana jijjigar ƙwaƙwalwa, domin ƙwaƙwalwa tana shawagi ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma idan kai ya fizgu ko ya juya da ƙarfi sai ta motsa a ciki, ko da an naɗe wajen da auduga. Ita dai wannan doka ce ta hana sarƙa da ɗan kunne da zobe. A 2011 aka hana abin ɗumama wuya da wasu 'yan Firimiya suka fara yayi, don gudun kada a fizge shi daga baya, kuma da aka amince da ɗankwalin mata a 2014 an gindaya sharaɗin kada a haɗe shi da riga kuma kada ya kasance da maɗauri mai haɗari a wuya. Doka ta 1 ita ma tana da rabonta: dole a kafe turakun raga sosai a ƙasa, sandar kusurwa kada ta gaza mita 1.5 kuma kada ta yi tsini. A filayenmu na unguwa, inda katangar makaranta ko kwalbati ko tulin bulo kan kasance taku biyu daga layi, wannan ɓangare ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi.

Yanzu ga inda matsalar take. Jijjigar ƙwaƙwalwa rauni ne da ba ya zubar da jini, kuma galibi hoton asibiti na yau da kullum ba ya nuna shi. Wanda ke suma a cikin masu irin wannan rauni bai kai ɗaya cikin 10 ba, saboda haka maganar da ake yi a bakin fili cewa “ai bai suma ba” ba hujja ba ce ko kaɗan. Alamomin sukan zama jiri, da ciwon kai, da ganin dishi-dishi, da tangaɗi, da kallon da ba ya sauka a kan komai, da maimaita tambaya ɗaya, kuma wasunsu ba sa fitowa sai bayan sa'o'i, wani lokaci har zuwa kwana 3, kamar yadda aka gani ga yaronka. Ƙwaƙwalwar da ta jijjiga tana cikin rauni na ɗan lokaci, kuma idan ta sake buguwa kafin ta warware, jinyar takan yi tsawo, a wasu lokuta ƙalilan kuma, musamman ga yara da matasa, takan kumbura nan take har a rasa rai.

Doka ta 5 ta umarci alƙali ya tsayar da wasa idan ɗan wasa ya ji mummunan rauni, kuma ana koya wa alƙalai su busa nan take idan kai ne ya bugu. Amma alƙali ba likita ba ne, ba shi ne ke yanke hukuncin ko ɗan wasa zai ci gaba ba. Gasar duniya ta 2014 ta tona asirin wannan giɓi. Álvaro Pereira na Uruguay ya kwanta shame-shame bayan gwiwar Raheem Sterling ta same shi a kai, ya farfaɗo ya ƙi yarda a canza shi, aka ƙyale shi. A wasan ƙarshe, Christoph Kramer na Jamus ya daki kafaɗar Ezequiel Garay, ya ci gaba da wasa kusan minti 14, har ya je wurin alƙali Nicola Rizzoli yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Bayan gasar ne aka fito da ƙa'idar cewa alƙali zai iya tsayar da wasa har minti 3 don a duba wanda ake zargin kansa ya jijjiga, kuma ba zai ci gaba ba sai da amincewar likitan ƙungiyarsa.

Ƙa'idar ba ta hana abin maimaituwa ba. A 2018 duniya ta ga jami'an Maroko suna marin Nordin Amrabat a kumatu suna fesa masa ruwa bayan ya bugu a wasansu da Iran, kuma bayan kwana 5 kacal ya fito wasan Fotugal da hular kariya, wadda ya cire ya yar tun kafin a yi nisa. A Janairu 2022, a gasar kofin Afirka, Sadio Mané ya yi karo da Vozinha mai tsaron gidan Cape Verde, aka kori mai tsaron gidan, Mané ya ci gaba da wasa har ya ci ƙwallo, sannan ya zube aka fitar da shi. Masu kallo sun yaba da jarumtarsa, amma duk wanda ya san aikin ya riƙe numfashi ne a mintocin nan.

IFAB ta amince a Disamba 2020 a gwada ƙarin canji na musamman saboda raunin kai, makonni kaɗan bayan Raúl Jiménez na Wolves ya fasa ƙoƙon kai a karonsa da David Luiz, wanda shi kuma aka naɗe masa kai ya ci gaba har hutun rabin lokaci. Issa Diop na West Ham ne aka fara cirewa da wannan tsari a Ingila, a Fabrairu 2021. Daga 1 ga Yuli 2024 tsarin ya shiga cikin littafin dokoki: kowace ƙungiya tana da canji ɗaya na raunin kai wanda ba ya cikin lissafin canjinta na yau da kullum, wanda aka cire ba ya dawowa, kuma abokan karawa su ma suna samun ƙarin canji ɗaya don kada a yi amfani da dokar wajen wayo. Sai dai kowace gasa ita ke zaɓar ko za ta yi aiki da shi.

A ganina wannan rabin gyara ne. Gwajin da likitocin wasanni suka yarda da shi, wanda aka sabunta bayan taron masana na Amsterdam a 2022, yana buƙatar aƙalla minti 10 zuwa 15 a wuri mai natsuwa, domin ana gwada tunani da riƙe kalmomi da tsayuwa da motsin ido. Likitan da aka ba minti 3 a tsakiyar fili, 'yan kallo na ihu, koci na kallon agogo, ɗan wasa na rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai iya yi sai 'yan gajerun tambayoyi: wane fili muke, wane zagaye ake, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa kuka yi wasan baya, kun yi nasara ko a'a. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi lallai ya ji rauni, amma wanda ya amsa su daidai ba a wanke shi ba. Wasan zari-ruga ya warware wannan da canjin wucin gadi, inda ake fitar da ɗan wasa na minti 12 a duba shi a ɗaki yayin da wani ke riƙe masa gurbi. Gasar Firimiya da ta Faransa da ta Amurka, tare da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO, sun nemi izinin gwada irin wannan a farkon 2023, IFAB ta ƙi. Hujjarta ita ce alamomi na iya jinkirta fitowa, don haka mai yiwuwa a duba mutum a mayar da shi fili alhali yana da rauni. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, amma abin da ke faruwa a zahiri shi ne ana mayar da shi ɗin ma, bayan duba na minti 3 maimakon na minti 12.

Game da wuya, dokokin ƙwallon ƙafa ba su yi dogon bayani ba, domin karyewar wuya ba ta da yawa a wasan, amma idan ta auku kuskuren minti ɗaya yana iya zama shanyewar jiki ta har abada. Yadda wuya ke karyewa an fi fahimtarsa ne daga ƙwallon Amurka ta masu hular kwano. Idan mutum ya sunkuyar da kai, ƙasusuwan wuya sukan miƙe su jeru, sai ƙarfin karo ya bi ta tsakiyar kai ya murƙushe su. Da aka hana tunkuyi da tsakiyar kai a wasannin makarantu da jami'o'insu a 1976, adadin masu shanyewar hannuwa da ƙafafu ya sauko daga 34 a shekarar zuwa 5 a 1984. A wasanmu irin wannan yakan faru ne idan aka shiga ƙarƙashin wanda ya yi tsalle ya faɗo a ka, ko mai tsaron gida ya daki turke. Duk wanda ya faɗi bai motsa ba, ko yana kukan wuya, ko yana jin hannunsa ko ƙafarsa sun mutu ko suna tsikari, a ɗauka wuyansa ya karye har sai an tabbatar da akasin haka. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa ya tallafe kan da hannu biyu yadda ya same shi, kada a zaunar da shi, kada a ja wuyan da sunan gyara, kuma kada a kinkime shi hannu da ƙafa kamar buhu. Al'adar cusa yatsa ko cokali a baki wai don kada ya haɗiye harshe, wadda har manyan 'yan wasa suka yi wa Fernando Torres a 2017, ba ta da tushe, domin harshe ba ya haɗiyuwa. Abin da ake yi shi ne a turo muƙamuƙi gaba a hankali don hanyar iska ta buɗe. In kuwa ba ya numfashi, to ceton numfashi da danna ƙirji sun gabaci komai. Wannan kuma ba raunin da ake kai wa mai ɗori ba ne.

Saura batun sa kai a ƙwallo, wanda ya shafe ka kai tsaye tunda yara kake horarwa. Jeff Astle na West Bromwich Albion, wanda ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka, ya rasu a 2002 yana da shekara 59 bayan fama da cutar mantuwa, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa sana'arsa ce ta jawo masa. A 2019 tawagar Dakta Willie Stewart ta Jami'ar Glasgow ta fitar da nazari a kan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Sikotland 7,676, ta gano cewa mutuwa ta dalilin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a kusan sau 3 da rabi a cikinsu. Nazarin da ya biyo baya a 2021 ya nuna 'yan baya ne suka fi shiga haɗarin, masu tsaron gida kuwa ba su bambanta sosai da sauran mutane ba, abin da ya sa ake zargin yawan sa kai. Ana yawan ɗora laifin a kan tsohuwar ƙwallon fata, amma nauyinta a bushe daidai yake da na yau, gram 410 zuwa 450. Ruwa ne take sha ta yi nauyi, ta yau kuma ta fi gudu.

IFAB ba ta hana sa kai ba, ƙasashe ne suka ɗauki mataki. Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa a 2015. Ingila da Sikotland da Ireland ta Arewa sun hana shi a atisayen yaran firamare a 2020. A 2021 Ingila ta shawarci ƙwararru kada su wuce sa kai mai ƙarfi sau 10 a atisayen mako, Sikotland kuma ta hana atisayen sa kai ana gobe wasa da kashegarin wasa a 2022. Daga kakar 2024 Ingila ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara mataki-mataki. Yaranka sun wuce shekarun hanin, amma ba su kai ga jikin manya ba, domin wuyansu bai yi ƙwarin da zai riƙe kai ba. Ka rage yawan atisayen, ka yi shi da ƙwallo mara nauyi da jifan hannu daga kusa, ka daina cika iska har ƙwallo ta zama dutse, kuma ka koya musu kiran suna kafin tsalle, domin karo tsakanin 'yan ƙungiya ɗaya yana da yawa.

A wasan unguwa babu likita kuma babu bidiyo, saboda haka hukuncin da dokar manya ta ɗora wa likita ya dawo wuyanka. Ku yi yarjejeniya da ɗaya kocin da alƙali tun kafin a take wasa cewa duk yaron da kansa ya bugu aka ga alama ko guda, za a cire shi a sa wani ba tare da lissafin canji ba, kuma ba zai dawo a ranar ba ko da ya yi kuka. Kada a bar shi ya tafi gida shi kaɗai ko ya tuƙa babur, a kuma shaida wa iyayensa baki da baki abin da ya faru, tare da gargaɗin cewa amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko farfaɗiya, ko barcin da ake wahalar tashinsa, ko ganin abu biyu-biyu, duk na garzayawa asibiti ne a daren. Shi kuwa yaron da ka yi tambaya a kansa, ya huta kwana ɗaya ko biyu ba tare da yawan kallon waya ba, sannan ya koma karatu da tafiya a hankali, sai sassarfa, sai atisayen da babu karo, kuma duk matakin da ya dawo masa da ciwon kai ya koma na bayansa. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin da ba na ƙwararru ba ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21, kuma ita nake ba ka shawarar ka bi. Tunda har ya kwana a asibiti, kada ka sa sunansa a takardar wasa sai likitan da ya duba shi ya sake ganinsa ya amince.